Madafar da Jika Kafinta Ya Kafa wa Hasiya

Duk baƙon da ya shigo gidanmu na Rikkos, kafin ya gama gaisuwa sai ya tambaya: wannan katakon da aka kafa a jikin bango, tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, na mene ne? Wasu su ce na shanya ne. Wata ma ta taɓa rataya jiƙaƙƙen zaninta a kai, na ce maza ta sauke tun ranta bai ɓaci ba. Ba na shanya ba ne. Katakon aikin Malam Jika ne, mijin yayata Hasiya. Ƙusoshin da suka karkace kuwa ba nasa ba ne, kada wani ya ɗora masa, don Jika bai taɓa buga ƙusa a karkace ba.

Ni ce Ladi, ƙanwar matarsa. Ladin baki yake ce mini, kuma ban musa ba.

Sunansa na yanka Ishaku. Kakansa ne ya zo Jos haƙar kuza, shi kuma ya rene shi bayan mahaifinsa ya rasu. Ko'ina aka gan shi sai a ce ga jikan wane, har Jika ya bi shi ya danne sunan gaskiya. Bai shiga ramin kuza ba. Ya koyi kafinta a wurin wani Ibo mai suna Benedict, wanda da rikici ya tashi ya bar masa akwatin kayan aikinsa ya tafi gida. Da ya dawo bayan yaƙi ya tarar da kayan a shafe da mai, ko ɗigon tsatsa babu. Benedict ya ɗauki zarto mafi kyau a ciki ya miƙa masa, ya ce wannan kam naka ne. Da wannan zarton ya ciyar da iyalinsa har ya koma ga Allah.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum ƙusoshi a bakinsa. Shi ya sa magana ta yi masa wuya. In ka tambaye shi abu sai ya ce "uhm," in abin ya yi girma sai ya tofo ƙusoshin a tafin hannu ya ba ka kalma uku. A rumfarsa ta kasuwar Katako an san shi da hali guda wanda ake yi masa dariya a kai: ba ya ba da aiki sai ya gwada shi da jikinsa. In gado ya haɗa sai ya kwanta ya yi juyi. In ƙofa ya sa, sai ya ɗauki kaya hannu biyu ya ga ko za ta buɗu da gwiwar hannu. Na taɓa zuwa kai masa abinci na same shi zaune a kan kujerar tsakar gida ta mata, ya ware ƙafafu, ya riƙe sanda yana tuƙa tuwon da babu, ga masu katako sun kewaye shi suna ta ƙyaƙyata.

Na ce, "Oga kafinta, in tuwon ya nuna a zuba mini malmala biyu."

Ya tofo ƙusoshi ya ce, "Ta yi tsawo." Ya juya kujerar ya rage mata ƙafa.

A gida kuwa ban taɓa ganin namiji irinsa ba. Kowa ya san sanyin Jos da asuba, ruwan rijiya kamar ya tsinke maka yatsu. Shi ke cika randuna kafin ya fita, wai don kada Hasiya ta taɓa guga. Da yamma ya dawo da buhun garin katako a ka don hura wuta, da rake ko gyaɗa a aljihu na yara. Maza suna tsegumi wai an shanye shi. Ko a jikinsa.

A shekarar saba'in da bakwai, bayan haihuwar autansu Isa, Hasiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin hagu ya tafi gaba ɗaya, hannu da ƙafa, baki ma ya ɗan karkace. A asibiti suka ce jini ne ya hau, a koma gida a riƙa motsa mata jiki, sauran sai Allah. Ni lokacin aurena ya mutu ina zaune a gida Toro, sai na tattaro na zo jinya.

Wata da watanni tana kwance. Matar da ke daka tana waƙa ta koma sai an juya ta. Jika ya daina karɓar aikin rufin gidaje na nesa, alhali shekarun nan kowa gini yake yi a Jos, ana neman kafinta ido rufe. Ya tsaya a ƙofofi da tagogi, don ya riƙa takowa daga Katako da azahar ya ɗaga ta, ya shafa mata man zafi, ya koma.

Da damina ta kama sai ga Yaya Labaran, babban wanmu, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu. Ba mugu ba ne, kada a ji ni ba daidai ba. Da ya ga ƙanwarsa sai da ya juya baya ya share ido. Amma ya zo da magana daga Inna da dangi: mace in ciwo ya kwantar da ita haka, gidansu ake kai ta jinya. Ba a barin ta a hannun miji yana ɗawainiyar da ta mata ce. Za a tafi da ita Toro, jaririn a ba wata, manyan yaran su zauna wurin dangin ubansu.

Ina kallon Hasiya hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Ta sani, ni ma na sani, wadda aka ɗauka a kwance irin haka ba ta cika dawowa ɗakinta ba. Za ta ƙare a ƙuryar ɗakin Inna ne, 'ya'yanta a warwatse.

Jika ya tofo ƙusoshi. Ya durƙusa gaban Yaya Labaran ya ce, "Yaya, a ba ni zuwa Babbar Sallah."

"In an ba ka fa, Malam Ishaku? Kai likita ne?"

"Ni kafinta ne."

Yaya Labaran ya ce to. Zai dawo da Sallah, da mota. In Hasiya ta tako da ƙafarta ta kawo masa ruwan sha a zaure, ya bar ta. In ba haka ba, kada wanda ya ƙara roƙonsa.

Daga ɗakinta zuwa zauren gidan ba kusa ba ne ga mai ƙafa ɗaya. Sai ka bi tsawon tsakar gida, ka wuce rijiya, ka karya kwana. Ni dai na ce a raina an gama, sai mu fara ɗaurin kaya.

Washegari da hantsi na fito daga madafi na ga abin da ya sa na saki ludayi. Jika ne ya ɗaure hannunsa na hagu a ƙirji da rawani, ya ɗaura bulo a ƙafar hagu, yana jan ta a ƙasa yana bin bango, hannun dama na lalube. Inda hannun ya sauka sai ya ja layi da gawayi. Raina ya yi mummunan ɓaci.

Na ce, "Kai Jika! Kwaikwayon yayata kake yi? A gidan nan? Ina raye?"

Bai ko kalle ni ba. Ya ci gaba, ya yi tuntuɓe da wani dutse da ya ɗan fito, ya faɗi ƙasa tim. Ya tashi, ya je ya ɗauko diga ya tone dutsen. Chundung maƙwabciyarmu, wadda bangon ɗakinta shi ne katangar tsakar gidanmu, ta leƙo ta sama ta riƙe baki. Ita ta fara ganewa. Ta ce, "Ladi, bari shi. Hanya ne yake auna."

Haka ne kuwa. Daga ranar, kullum ya dawo da ragowar katako guda a hammata. Ya zauna ya goge shi da samfefa, ya shafa a kumatunsa, in ya ji ko ɗan ƙaiƙayi ya sake gogewa. Sannan ya kafa a bango daidai layin gawayin nan. Da ya iso bangon su Chundung ya je ya yi sallama neman izini. Mijinta Pwajok ya ce wane irin izini kuma, ya zagayo da kansa ya riƙe masa katakon yana bugawa. Ita kuwa Chundung ta ɗauki nauyin gwaten acca, wai shi ne zai dawo wa Hasiya da ƙarfi.

Ranar da aka fara tsayar da Yaya Hasiya ta kama katakon farko, jikinta rawa yake yi kamar mai zazzaɓi. Ta ja ƙafa sau ɗaya ta ce ta gaji, a mayar da ita, gara a kai ta Toron. Jika ya ce "uhm," ya mayar da ita. Da la'asar ya sake ɗaga ta. Ruwa ake yi, ƙanƙara ake yi, bai fasa ba, sai dai ya riƙe mata buhu a kai. Har ya miƙa kwanon rufi a saman hanyar don kada ƙasa ta yi santsi. A hankali ta kai taga. A hankali ta kai randa. Wajen tsakiyar damina ta kai rijiya, ta leƙa ciki ta ga fuskarta, ta yi dariyar farko tun da ta faɗi. Ni kuka na yi.

To a nan ne ya yi abin da ya haɗa ni da shi.

Wata safiya Yaya ta fito tana bin madafarta, sai hannunta ya faɗa a bango tsirara. Katako ɗaya babu. Ta tsaya ta ce, "Malam, wa ya cire mini?"

Ya ce, "Ina da aiki da shi."

"Duk katakon da ke Katako?"

"Uhm."

Ta tsaya tana kallon giɓin kamar kogi. Ta kira ni, ya ɗaga mini hannu alamar kada in matsa. Da ta ga babu mai zuwa, ta cije leɓe ta saki na baya, ta jefa jiki ta cafke na gaba. Ta juyo tana haki tana harararsa. Bayan 'yan kwanaki ya cire wani. Sannan ya cire biyu a jere. Ranar ta faɗi. Goshinta ya bugi ƙasa ya kumbura nan take, Isa ya tsala ihu a bayana, shi kuwa mutumin nan yana tsaye hannuwa a baya, bai motsa ba.

Na yi masa tas. Na ce mugu ne, na ce katako ya fi yayata daraja a wurinsa, na ce ni da kaina zan aika a kira Yaya Labaran. Babu abin da ban faɗa ba, kuma har yau ban ce na yi nadama ba, don wanda ya ga goshin nan dole ya yi magana. Ina cikin yi, sai na ga Yaya ta dafa ƙasa, ta kafa gwiwa, ta ja jiki ta kamo katako, ta miƙe da kanta. Jika ya juya ya shige bayan rijiya. Da na bi shi don in ƙarasa, na same shi ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa na girgiza, jini na ɗiga daga bakinsa. Ashe ya cije ƙusoshin ne har suka huda masa leɓe. Na koma da baya.

Haka aka ci gaba, yana kafawa a gaba yana cirewa a baya. Katakon da ya cire kuwa ba ya fita da su, ƙarƙashin gadonsa yake jerawa. Kafin watan Sallah ya kama, madafa ta rage daga rijiya zuwa kwanar zaure kawai, nan ne ƙasa ta ɗan gangara, nan take fi jin tsoro.

Yaya Labaran ya aiko cewa yana tafe washegarin Sallah. Da gari ya waye na fito da buta, na duba bango. Wayam. Jika ya cire sauran duka bayan sallar asuba, ya toshe ramukan ƙusa da laka.

Na ce, "Jika, ka haukace ne? Yau ɗin? In ta faɗi a gabansa fa?"

Ya tofo ƙusoshi ya ce, "In tana riƙe da katako, katakon zai gani. Ita nake so ya gani."

Da hantsi mota fijo ta tsaya a ƙofar gida, shatarta aka yi daga tashar Laranto, har da katifa a baya. Yaya Labaran ya zauna a zaure. Jika ya zauna gefensa, ya sa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya ya danne. Chundung na bisa katanga. Maimunatu, babbar 'yar Hasiya, ta rungume ƙannenta a ƙofar madafi. Ni na zuba ruwa a kwanon sha na miƙa wa Yaya Hasiya a hannun dama, hannun da ta saba kama katako da shi.

Ta fito. Wayyo, tafiyar nan! Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo a ja, ruwa na tangal-tangal yana zuba a zaninta. Ba ka jin komai a gidan sai jan ƙafarta. Ta wuce taga. Ta wuce rijiya. A gangaren nan ta yi baya kamar za ta tafi, Chundung ta ce "Yesu!", ni na ce "Ya Salamu!", ta tsaya, ta daidaita, ta karya kwana. Na bi bayanta da sanɗa.

Ta iso bakin zaure ta yi sallama. Sai kuma ta yi abin da ban taɓa tunawa da shi ba duk watannin nan. Yayata tarbiyyar Inna ce, ba za ta miƙa wa babban wanta ruwa a tsaye ba. Ta lanƙwasa gwiwa ta sulale ƙasa ta durƙusa, ta miƙa kwanon ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Durƙusawa da sauƙi, tashin ne. Babu bango kusa da hannunta, sai dogaran ƙofa sumul. Yaya Labaran ya karɓi kwanon bai sha ba, yana kallonta. Ta yunƙura ta koma. Ya miƙo hannu zai kama ta, ta ce, "Bari, Yaya." Ta kai hannu baya tana lalube a jikin dogaran ƙofar, sai na ga yatsunta sun rufe a kan wani abu.

Wani ɗan dunƙulen katako ne, bai wuce girman ƙwan agwagwa ba, an kafa shi can ƙasa daidai kafaɗar mutumin da ke durƙushe. An goge shi sumul, an shafa masa ƙasa don ya saje da ƙofar. Ni da nake share zauren nan kullum ban taɓa lura da shi ba. Ita ma ba ta san da shi ba. Ta kama, ta ja, ta miƙe tsaye cak.

Wato mutumin nan ya ɗaure hannunsa, ya ja bulo har zaure, ya durƙusa a wurin kamar mace mai miƙa ruwa, ya kai hannu baya ya ga inda zai sauka. Ya san za ta durƙusa tun ita ba ta sani ba. Na kalle shi, yana nan zaune a kan hannuwansa, idonsa a ƙasa.

Yaya Labaran ya kafa kai ya shanye ɗan ruwan da ya rage, ko rabin kwano bai kai ba. Ya ajiye, ya kama hannun Jika da hannu biyu. Da ƙyar ya ce, "Malam Ishaku, Allah ya biya ka. Mu ba za mu iya ba." Ya fita ya ce wa direba su koma Toro su ɗauko Inna ta zo ta gani da idonta. A kan katifar da aka kawo don Hasiya aka zo da tsohuwa.

Na so a ce nan labarin ya tsaya. Shekara ta zagayo, Jika ya koma hawa rufi, ga yara sun shiga makaranta. A ƙarshen daminar saba'in da tara yayyafi ya same shi a saman wani gini, kwano ya yi santsi, ya faɗo. Ƙugu ya karye. Bayan an yi ɗori an dawo da shi, Yaya ta sa ni na janyo katakon nan daga ƙarƙashin gado. Ni na riƙe, ita ta buga da hannunta ɗaya. Shi ya sa ƙusoshin suka karkace.

Da aka tsayar da shi ya kama na farko, ya shafa inda hannunta ya sa ya yi sheƙi, ya dubi ƙusar ya ce, "Wane kafinta ne wannan?"

Ta ce, "Wanda aka samu. Taka mu gani, Malam."

Ya taka. Ya kai taga, ya kai randa, ya kai rijiya. Tana shirin buga na gaba sanyi ya shige shi a ƙirji, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Shi ya sa madafar ta tsaya a rijiya, kuma Yaya ta hana a cire har ta bar duniya, bayan ta aurar da 'ya'yanta duka a gidan nan, tana zuwa kasuwa da ƙafarta.

Ranar da aka fito da shi a makara, mata na ɗaki suna kuka, sai na nemi Yaya na rasa. Na same ta ta biyo bayan maza, ba ta dafa komai ba, har bakin zaure inda mace ke tsayawa. Ta durƙusa a nan tana kallo har suka karya kwana. Ta daɗe. Na matsa zan ɗaga ta, ta girgiza kai. Ta kai hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta kama ɗan katakon nan, ta miƙe.